Pilates na tabarma ko na inji? Wata huɗu ina zuwa wani wuri a Abuja, ga abin da na gani

Tun ranar da na ɗora hotona a wurin motsa jiki nake shan tambaya, wai wane gado ne nake kwance a kai ƙafafuna cikin igiya, har wata ƙawata ta kira ni a ruɗe ta ɗauka asibiti nake. To injin Pilates ne, wato wani salon motsa jiki mai ƙarfafa naman ciki da na baya, shi injin rifoma ake ce masa, bari in yi bayanin a nan gaba ɗaya kowa ta karanta.

Bayan haihuwata ta uku da aka min tiyata bayana ya ƙi daɗi sam, in na ɗan daɗe a ruku'u ko na sunkuya wanka wa yaro sai na dafa bango nake miƙewa. Likitar fiziyo ta duba ni tace naman cikina ne ya saki, tsakiyarsa ma ya ɗan rabu, ita ce ta ce in nemi Pilates amma in bi a hankali. Na samu wani wuri a Wuse 2 da suke da ajin mata zalla da safe, malamar ma mace, wurin tsaf ga ƙamshi ga ɗakin canja kaya mai ƙofa ba labule ba, wannan kam sun burge ni. Sunansu ne dai ba zan faɗa ba saboda ina da ƙorafi a kansu.

Da na tabarma na fara don ya fi sauƙin kuɗi, kuma a tunanina shi ne na 'yan koyo. Ashe ba haka bane wallahi. Mu wajen sha biyar ne a ɗakin, malama ɗaya, aka ce mu yi wani motsi da suke kira ɗari: ki kwanta rigingine ki ɗaga kai da kafaɗa, ƙafafu a sama, kina kaɗa hannuwa kina shaƙar numfashi ƙirga biyar ki fitar ƙirga biyar har sau goma. Babu abin da ke tallafe ki, ke ce da nauyin jikinki kawai. Ni cikina bai da ƙarfin riƙewa sai wuyana ya ɗauki aikin, kwana biyu ina juya kai da ƙyar. Abin da ya ɓata min rai shi ne na rubuta maganar tiyata da rabuwar naman ciki a fom ɗin rajista, amma ba wanda ya gaya wa malamar, alhali irin wannan motsin na ɗaga kai ba a so mai matsalata ta fara da shi. Sai da na tare ta da kaina bayan aji na biyu.

Ita ce ta ce, Hajiya ki gwada rifoma ko sau biyar ne. Yar Jos ce tana jin Hausa sosai.

Rifoma kamar siririn gado yake, akwai katifa mai tayoyi da ke zamewa gaba da baya, an ɗaure ta da sifirin guda biyar masu kala-kala, ga ƙarfen da kike tokare ƙafa, ga igiyoyi biyu masu hannu, ga wasu 'yan matasai da ke tare kafaɗa. Ba ya amfani da wuta ko kaɗan, ranar da aka ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi muka ci gaba da abinmu. Inji shida ne a ɗakin, kenan mutum shida, idon malama na kan kowa. Ranar farko ina tura katifar da ƙafafu ta zo ta zura tafin hannunta ƙarƙashin ƙuguna tace kar ki danne min hannu kar kuma ki ɗaga, ja cibiyarki ciki kamar za ki ɗaure zani. A nan ne na fara jin wani nama can ƙasan mara yana aiki, wanda sati uku a tabarma ban taɓa jin sa ba. Da aka ce mu tura da ƙafa ɗaya kuma sai ga katifar na karkarwa a ƙafar hagu, a dama lafiya lau, injin ya tona min cewa shekara da shekaru dama nake jingina wa nauyi. Wani abin mamaki, a wasu motsin in aka rage sifirin ne aikin ke ƙara wuya, don babu mai riƙe miki katifar sai cikinki.

Kuɗin ne fa matsalar. Zama ɗaya na rifoma ya kai kusan uku na tabarma, sai kin sayi safa mai roba a tafi don kar ki zame, kuma in ba ki soke zaman da kika kama da wuri ba kuɗinki ya tafi, ni daga Kubwa nake tahowa, rana ɗaya cunkoso ya cinye min aji sukutum ba su duba min ba.

Kada kuma wata ta raina tabarma tace na marasa kuɗi ne. Shi mai abin, Joseph Pilates, Bajamushe ne da aka haifa a 1883, lokacin yaƙin duniya na ɗaya Turawan Ingila sun tsare shi a tsibirin Man, a can ya riƙa koya wa 'yan uwansa fursunoni motsa jiki, daga baya ya koma New York ya buɗe wurinsa shi da abokiyar zamansa Clara. Littafin da ya fitar a 1945 motsi 34 ne a ciki kuma dukkansu a ƙasa ake yi, ba inji. Sannan tun shekarar 2000 wata kotu a Amurka ta yanke cewa sunan Pilates ba mallakin kowa bane, shi ya sa kowa ma zai iya sayen inji ya kafa allo, don haka ki tambayi malama inda ta yi horo kafin ki tura kuɗi, wannan ya fi min kyan injin muhimmanci.

Ni dai a ganina in kina da ciwon baya ko kin fito daga tiyata kuma likita ta ba ki izini, ki daure ki biya rifoma ko zama shida zuwa takwas ne a ƙaramin aji, ki koyi inda naman yake da yadda ake numfashin, sannan ki sauko tabarma. In lafiyarki ƙalau kuma aljihu ba nauyi, tabarmar ta ishe ki, ki dai nemi ajin da ba a cika shi maƙil ba ki zauna gaba kusa da malama.

Da Babbar Sallah na naɗe tabarmata na jefa a but ɗin mota muka tafi Katsina, kwana goma kullum bayan asuba ina yin minti ashirin a ɗakin Hajiyarmu kafin yara su tashi, har ita ma ta fara ɗaga ƙafa daga kan gadonta tana tambayata ko haka ake yi. Yanzu rifoma sau ɗaya nake zuwa a sati, ranar Asabar, tabarma sau uku a gida. Ɗarin nan har yau ƙafafuna a lanƙwashe nake yin sa kuma kaina a ƙasa, malama tace sai fiziyo ta sake auna cikin wata mai zuwa kafin in ɗaga.