Gargaɗi kan masu tallar kafson "wanke huhu" a tashoshin mota

A makon jiya na tsaya a wata tashar mota ina sauraron wani mai tallar magani, lasifika a hannu, yana ɗaga kafso ja da yalo da aka ƙulla uku-uku a farar leda, babu kwali, babu lambar rajistar NAFDAC, balle ranar da maganin zai daina aiki. Iƙirarinsa shi ne duk wanda yake shan ƙwaya ɗaya a mako, huhunsa zai yi santsi har ƙwayoyin cuta su kasa maƙalewa, don haka shi da namoniya ko tarin fuka har abada. A gabana wata dattijuwa ta kwance bakin zane ta sayi ƙulli biyu domin jikanta mai tari.

Yaudarar tana shiga ne saboda an jingina ta da guntuwar gaskiya. Ƙwayar bakteriya irin Streptococcus pneumoniae, mai jawo namoniya, sai ta fara mannewa a bangon hanyar numfashi, da taimakon wasu sinadarai da ke fatarta, sannan ta hayayyafa ta haddasa cuta, kuma a ɗakin gwaje-gwaje an ga maganin kashe bakteriya irin azithromycin yana rage wannan mannewa. Abin da mai tallar ba zai faɗa ba shi ne cewa maganin da bai kai adadin kashe ƙwayar cutar ba yana iya jawo akasin haka. An nuna cewa tobramycin, wani maganin kashe bakteriya, idan ɗan kaɗan ne yana sa wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa ta taru wuri guda ta lulluɓe kanta da yauƙi mai kauri wanda magani ke wahalar ratsawa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi kashedin cewa shan ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani.

Sannan babu wanda ya san abin da aka ɗura a cikin kafson, domin a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci.

Yaron da ke zazzaɓi da numfashi sama-sama, ko ƙirjinsa yana lotsawa, asibiti za a kai shi nan take. Wanda tarinsa ya kai mako biyu ya je a gwada kakinsa; gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati na Najeriya.