Sharhi: Neman kalma a cikin kod ba tare da an fita daga GDB ba

Na shafe shekaru ina amfani da GDB, manhajar farautar kurakurai da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, amma sai watan jiya na gwada umarninta na neman rubutu da gaske. Larura ce ta sa. Wata manhaja da aka rubuta da harshen C ta yi ta mutuwa a kan sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) da nake shiga daga nesa ta SSH, wato hanyar tura wa kwamfuta umarni a rubuce ta intanet, babu editan da na saba da shi, sai baƙin allo kawai. Fayil ɗin da matsalar take ya haura layi 3,000, kuma ba ni na rubuta shi ba.

GDB ta tsaya daidai inda manhajar ta faɗi, `backtrace` ya nuna min hanyar da aka bi aka iso wurin. Na lura ana taɓa wani gurbin memori da aka riga aka saki. To wa ya sake shi, kuma a wane layi? Sai na buga `reverse-search free(`, wato ta koma baya ta nemo min `free(`, kalmar da ake sakin memori da ita a harshen C. Nan take ta koma baya ta fito min da layin farko da ya dace. Ba shi ba ne. Na danna Enter, ta maimaita umarnin ta ƙara komawa baya. A karo na uku na ga mai laifin zaune a cikin wani sharaɗi da bai kamata ya saki komai ba. Na sa `break`, wato wurin tsayawa, a layin, na sake kunna manhajar, zargina ya tabbata.

Abin da ya fi burge ni shi ne hankalina bai watse ba. Duk wanda ya taɓa bin sawun kuskure ya san cewa da zarar ka bar allon manhajar farautar kurakurai ka buɗe wata taga, rabin abin da ka riƙe a kai ya zube. A nan kuwa manhajar tana tsaye cak, ƙimar kowane abu tana nan, ni kuma ina kai da kawowa a cikin kod ɗin. Idan bayan binciken ka buga `list`, layuka goma na kewayen wurin za ta nuna maka. Neman gaba kuma `forward-search` ne, ko `search` a taƙaice.

Sai dai tana da gazawar da ta ba ni haushi. Fayil ɗaya tak take dubawa, wanda aka nuna na ƙarshe. Na ɓata kusan rabin awa ina ganin "Expression not found" alhali kalmar tana can a wani fayil na gefe. Haka kuma daga layin ƙarshe da aka nuna take farawa, ba daga kan fayil ba, don haka in kana son duba komai dole ka fara da `list 1`. Sannan abin da ka rubuta tsarin neman rubutu take ɗaukarsa, wato ɗigo da tauraro suna da tasu ma'anar, kuma tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Sakamakon ma ɗaya bayan ɗaya yake zuwa, ba ta jero maka su gaba ɗaya.

Idan aikin ya shafi fayiloli da yawa, ban ga amfanin wahalar da kai ba: `shell grep -rn`, wanda ke kiran manhajar `grep` ta duba fayiloli duka, daga cikin GDB ɗin ya fi sauri nesa ba kusa ba. In kuma sunan fankshin (guntun kod mai suna da ke yin wani aiki) nake nema, `info functions` nake bugawa, ko `rbreak` ya dasa min wuraren tsayawa a duk fankshin da sunansa ya dace. Ban da `grep`, dukkansu dai sun fi yin aiki idan an harhaɗa manhajar da `-g`, zaɓin da ke saka bayanan da GDB ke buƙata a cikinta, kuma shi `search` sai fayilolin kod ɗin suna inda GDB za ta same su. In an matsar da su, `directory` ne zai nuna mata sabon wurin, kuma ni ma sai da na yi haka kafin layi ko ɗaya ya bayyana a kan sabar nan.