Ziyarar yini ɗaya daga Fas zuwa Walili da Maulaya Idris: motar kamfani ko tasin haya?

Duk wanda ya je Fas ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani zai ci karo da wannan talla a masauki ko a bakin tsohon gari: ƙaramar bas da za ta kai mutum Walili (kufan wani tsohon birnin Rumawa a Maroko), garin Maulaya Idris da ke kusa da shi, da birnin Miknas, ta dawo da shi kafin dare. Wuraren sun cancanci zuwa. Tsarin da kamfanonin ke bi ne yake da gyara.

Galibi motar na tashi wajen ƙarfe 9 na safe, tafiyar kuma kusan sa'a ɗaya da rabi ce, don haka ana isa Walili rana ta riga ta ɗaga. Kufan yana da faɗin kadada 42, inuwa kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, sannan a ba ku sa'a guda ko ƙari kaɗan. Kuɗin da aka faɗa maka a Fas sau da yawa na mota da direba ne kawai, tikitin shiga daban, ladan jagora daban. Ka tambaya kafin ka biya, ka kuma riƙe dirhami a hannu, ƙanana.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan muhimmanci ga Musulmi. Ƙasar Miknas ita ce cibiyar noman inabi a Maroko, kuma mafi yawan manyan gonakin giyar inabi ake yi da amfaninsu. Wasu kamfanoni na haɗa tafiyar da tsayawa a gona don cin abincin rana da ɗanɗana giya, saboda Turawa ne yawancin abokan cinikinsu. Gonakin sun fi yawa kudu da Miknas, wajen Bufakran da Alhajib, Walili kuwa tana arewa, a gindin dutsen Zarhun, cikin zaitun da alkama. Ke nan ratsen yana cin sa'o'i. Ka ce a rubuta maka wuraren tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar da ta fi: jirgin ƙasa na sassafe daga Fas zuwa Miknas, ƙasa da sa'a guda, sai tasi babba mai ɗaukar mutum 6. Daga Miknas zuwa Walili kimanin kilomita 30 ne. Idan kun kai huɗu ko biyar, ku ɗauki shatarta gaba ɗaya. Ku yi ciniki a kan abu uku kafin a tayar da mota: jira na sa'a 2 a Walili, tsayawa a Maulaya Idris har a yi azahar, da komawa Miknas. Inda ake samun saɓani shi ne lokacin jira. Idan ba a yanke shi ba, direba zai fara matsa ƙaho bayan minti 45. Kada a biya duka sai an dawo. Mai tafiya shi kaɗai ya shiga ta kujera-kujera zuwa Maulaya Idris, daga can saura kilomita 4 zuwa 5, amma ya shirya motar dawowa tun kafin a sauke shi, don bakin kufan ba tasha ba ce.

A ciki, yawancin jagorori na garzayawa da mutane wajen ƙofar Karakalla, wadda aka gina a 217 don girmama Karakalla sarkin Rumawa da mahaifiyarsa Juliya Domna. Nan ake hoto, ga shamuwa ta yi sheƙa a kan ginshiƙan zauren shari'a. To amma abin da ya fi bayyana arzikin garin yana ƙasa-ƙasa, ana wuce shi ba a kula: wuraren matsar man zaitun, an gano fiye da 50. An sake haɗa guda ɗaya a unguwar kudu yadda yake a da. A niƙe zaitun da dutse, a zuba niƙan cikin saƙaƙƙun kwanduna a jera su bisa juna, a danne da doguwar gungumen itace da aka ɗaura wa ƙaton dutse a ƙarshe. Ruwan ya bi ta kwararon da aka sassaƙa a jikin falalen dutse zuwa kwatami, mai ya taso sama a kwashe. Ka tsaya ka bi kwararon da ido tun daga inda ya faro. Minti 10 a nan ya fi rabin sa'a a gindin ƙofar.

Sai daɓen gidajen attajirai, zane da aka jera da 'yan ƙananan duwatsu masu launi, suna nan a inda aka shimfiɗa su. Akwai na Orfiyus, makaɗi a tatsuniyoyin Girkawa, da namun daji kewaye da shi, akwai na ayyuka 12 na Harkilis, jarumi a waɗannan tatsuniyoyi, akwai na mutumin da ya hau jaki ya juya wa kan jakin baya. Ƙura na dusashe launinsu da bazara, bayan ruwan sama ne suke fitowa fes. Mai tafiya da iyali ya sani cewa wasu zane-zanen na mutane ne tsirara, musamman a gidan da ake kira na Binus. Mutum-mutumin tagulla da aka tono, har da na Juba na Biyu, sarkin wannan yanki a zamanin Rumawa, an kai su gidan tarihi na Rabat, kada a yi ta nemansu a nan.

Jagoran da ya tsaya kan Rumawa kaɗai ya rage maka rabin labari. Rumawa sun janye wajen shekarar 285, amma garin bai mutu ba. Nan Idris ɗan Abdullahi, jikan jikan Sayyidina Ali ta wajen Hasan, ya sauka a 788 bayan ya tsira daga yaƙin Fakh da aka yi kusa da Makka, ƙabilar Awraba ta yi masa mubaya'a, daular Idrisawa ta kafu. Wargajewar da ake gani yau kuwa, Sarki Maulaya Isma'il ya kwashi marmara don ginin Miknas, girgizar ƙasa ta 1755 ta rusa saura. Kafin ka ɗauki jagora a bakin ƙofa, ka nemi ganin katinsa, ka tambayi harshen da zai yi, Larabci, Faransanci ko Ingilishi, ku yanke lada da tsawon zagaye.

A Maulaya Idris ne motar kamfani ta fi tauye Musulmi. Da yake ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga hubbaren Idris ɗan Abdullahi, wanda garin ya ci sunansa, har an gitta katako a mashigar, direbobi da yawa sai su tsaya a kan tudu a ɗauki hoton gari a wuce. Wanda ya zo da tasinsa zai shiga ya yi salla, ya ziyarci kabarin Idris, wanda ya rasu a 791, sannan ya hau matakala ya ga hasumiyar nan mai siffar ganga da aka gina a 1939, an lulluɓe ta da koren tangaran mai rubutun ayoyi. Hawan yana da tsauri, dattijo ya bi a hankali. A dandalin ƙasa akwai masu gasa niƙaƙƙen nama da masu alewar gyaɗa da riɗi.

Watannin Maris zuwa Mayu sun fi daɗi, ƙasa kore shar. A Yuli da Agusta a shiga Walili da zarar an buɗe, da ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da malafa ko laima, da takalmi mai rufi, don silifas na zamewa a kan duwatsun babban titin.