Kayan fentin ruwa na tafiyar Koliyur: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Koliyur ƙaramin garin masunta ne a kudancin Faransa, a gaɓar Bahar Rum, dab da iyakar Sifaniya. A can Henri Matisse da André Derain suka yi lokacin zafi na 1905 suna zane, kuma har yau ayarin masu zane ba su daina zuwa ba. Za ka same su a zazzaune bakin ruwa, sun fuskanci hasumiyar cocin Notre-Dame-des-Anges da kwale-kwalen masunta masu launi kala-kala. Duk wanda ya sa sunansa a irin wannan tafiya, tambayar da ke fara damunsa ita ce wane kaya zai saya. Shawarata ita ce ka zuba yawancin kuɗinka a takarda, ka rage buri a wajen akwatin fenti.

Dalilin yana cikin yanayin garin. Rana tana da ƙarfi, ga kuma iskar Taramontan mai kaɗowa daga arewa, busasshiya, wadda ke shanye ruwan da ka shafa kafin ka sake tsoma buroshi. Takardar da aka yi da auduga zalla, kamar Arches ta Faransa, Fabriano Artistico ta Italiya ko Saunders Waterford ta Ingila, tana riƙe danshi na ɗan lokaci. Wannan ɗan lokacin shi ne ke ba ka damar haɗa shuɗin sama da na teku ba tare da layi ya fito a tsakani ba. Takardar da aka yi da itace, kamar Canson Montval, ta fi araha nesa ba kusa ba, amma fenti a samanta yake zama. Yana bushewa da kaifin baki, kuma idan ka zo shafa launi na biyu sai ya tayar da na farko, ruwan tekun ya dagule. Ba na cewa a guje ta gaba ɗaya. Tana da daɗin gogewa idan an yi kuskure, don haka ƙaramin littafinta ya isa a yi gwajin launi da zanen gaggawa. Ainihin aikin dai a kan auduga za a yi shi.

Nauyin takarda kada ya gaza giram 300 a kowace murabba'in mita. Mai ƙasa da haka tana kumbura da zarar ta jiƙa, fentin ya taru a kwaruruka. Sannan ka nemi wadda aka manne gefunanta huɗu, ba mai sakakkun shafuka ba, don iska ba ta samun inda za ta ɗaga. Idan zanen ya bushe, akwai 'yar kafa a gefe inda za ka zura tsohon katin banki ka zagaya, shafin ya ɓalle lafiya. A Faransa za ka ga an rubuta grain fin, grain torchon ko satiné a jikin kwalin. Ta farko tsaka-tsaki ce, ita ta fi dacewa da kowa. Ta biyu mai kaushi ce, kuma ga mai zanen teku tana da wata baiwa: ka ja buroshi mai ɗan ƙarancin ruwa a kanta da sauri, sai fararen ɗigogi su rage kamar ƙyallin rana a kan ruwa. Ta uku sumul take, ta masu zane da alƙalami ce, a waje kuwa wahala take ba sabon hannu.

Shi fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake samu a jikin dakwara a Sudan da Chadi da arewacin Najeriya. Ana sayar da shi busasshe a 'yan ƙananan gurabe, ko ɗanye a cikin bututu. Don tafiya, busasshen ya fi. A yawancin filayen jirgin sama bututu yana shiga lissafin kayan ruwa na jakar hannu, masu iyakar mililita 100, kuma a bakin teku ba ka da hannu na uku da za ka riƙa buɗe murfi. Wanda ya riga ya mallaki bututu, ya matse su cikin akwati wayam kwanaki kafin tafiya, ya bar su su daskare. Sai dai a kula da fentin kamfanin Sennelier: da zuma ake haɗa shi, shi ya sa yake narkewa da zarar buroshi ya taɓa shi, amma wanda aka matso daga bututu ba ya saurin bushewa, yana iya malala a jaka idan zafi ya yi yawa.

Tsakanin fentin ɗalibai, irin Cotman da Van Gogh, da na ƙwararru, irin Schmincke Horadam ko Winsor & Newton Professional, bambancin yawan garin launi ne. Na ɗalibai sai ka yi ta murzawa kafin launi ya yi ƙarfi, a Koliyur kuwa takardar ba ta jira. Gara launi takwas na ƙwararru da ashirin da huɗu na ɗalibai. Shuɗi biyu, mai duhu da mai haske, ja, rawaya biyu, da ruwan ƙasa mai ja-ja don rufin gidaje da duwatsun ganuwa, sun ɗauke kusan komai. In aljihu bai kai ba, Cotman a kan takardar auduga ya fi fenti mai tsada a kan takarda mai araha.

Buroshi biyu sun wadatar: mai tsini lamba 10, da babba mai laushi don sama. Na gashin wata 'yar dabba da ake kira kolinski yana da tsada ƙwarai, kuma na roba irin Escoda Versatil sun kusa cim masa. Ka zaɓi wanda marikinsa ke komawa murfi, don kada tsininsa ya lanƙwashe. Buroshi mai ruwa a cikinsa, kamar na Pentel, yana da amfani a teburin shan shayi, amma ba ya iya shafa sama mai faɗi.

Kan batun mazaunin allo mai ƙafa uku, ni dai ba na goyon baya. Lungunan unguwar Mure hawa ne da gangara, bakin ruwan tsakuwa ne, kuma a ayari malami kan tashi da mutane daga wuri zuwa wuri. 'Yar kujera mai naɗewa, allo a cinya, da manyan matsai guda biyu sun fi sauƙi. Ka ɗauki gorar ruwanka, don gishirin ruwan teku yana ɓata fenti, ka kuma tanadi wata gorar ta ruwan wanki maimakon zubarwa a tashar masunta. Hula mai faɗi wajibi ce, domin farar takarda a rana tana kashe ido.

Mai bi ta Paris zai iya leƙa kantin Sennelier da ke Quai Voltaire, daura da gidan tarihi na Louvre, wanda yake buɗe tun 1887. Amma duk abin da za ka iya samu kafin tashi, ka saya da wuri, ka yanki shafi ɗaya ka shafa kowane launi a kai, da ruwa kaɗan da kuma ruwa mai yawa, ka ajiye shafin a cikin murfin akwatin.