Sharhi kan Benznidazole, Maganin Cutar Chagas, da Iyakarsa a kan Ciwon Zuciya

Benznidazole magani ne da kamfanin Roche ya fito da shi a shekarun 1970, kuma har yau shi likitocin Latin Amurka ke fara rubutawa idan gwaji ya tabbatar da cutar Chagas, wadda Carlos Chagas ya gano a Brazil a 1909. Ana shan sa sau biyu a rana har tsawon kwana 60. Ƙwayar manya miligiram 100 ce, ta yara kuma 12.5. Wanda aka ba shi da wuri, musamman jaririn da ya ɗauki cutar a cikin mahaifiyarsa, yawanci yakan warke sarai, kuma a wannan fagen maganin ya cancanci yabo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mutumin da ya shekara ashirin ko talatin da Trypanosoma cruzi, ƙwayar da ke haddasa cutar, a jikinsa bai sani ba. Ƙwaron da ke yaɗa ta, wanda mutanen Boliviya da Ajantina ke kira vinchuca, yakan ɓuya a tsagar bangon laka, ya ciji mutum da dare, ya bar kashinsa kusa da wurin, mai barci ya sosa ya shigar da cutar da hannunsa. Kusan kashi 30 cikin ɗari na masu ɗauke da ita zuciyarsu kan taɓu daga baya. Abin mamakin kuwa shi ne, idan aka duba naman irin wannan zuciya, ƙwayar cutar ba ta da yawa, kumburi ne ya cika ko'ina. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokin: interferon-gamma da TNF-alpha suna zuga su yaƙi, CXCL9 da CXCL10 suna ta kiran ƙarin dakaru zuwa cikin zuciyar, yayin da IL-10, mai kwantar da tarzomar, yakan yi ƙaranci a jikin waɗanda ciwonsu ya tsananta. Daga nan wani saitokin, TGF-beta, ke sa tabo ya maye gurbin tsokar da ta mutu, zuciya ta buɗe ta saki, bugunta ya rikice.

Benznidazole ƙwayar cutar yake kashewa, ba shi da hannu a kan tabon da ya riga ya zauna. Binciken BENEFIT da aka wallafa a 2015, wanda ya haɗa majinyata 2,854 daga Ajantina da Boliviya da Brazil da Kolombiya da El Salvador, ya nuna cewa maganin ya rage ganin ƙwayar a jini, amma bai hana zuciyar waɗanda ta riga ta taɓu ci gaba da lalacewa ba cikin kimanin shekara biyar.

Shan sa ma ba wasa ba ne ga manya. Ƙuraje masu ƙaiƙayi sukan feso a makonnin farko, wasu kuma ƙafafunsu su riƙa zugi da mutuwar jiki idan an yi nisa, abin da ke sa mutane da dama ajiye shi kafin wa'adi ya cika. Ba a ba mai juna biyu.

A ra'ayina, magani ne da ya kamata ya isa hannun yara da matasa da matan da ke shekarun haihuwa waɗanda ba su da juna biyu, ba tare da ɓata lokaci ba. Amma dattijon da gwajin bugun zuciya ya riga ya nuna masa matsala, ya fi buƙatar likitan zuciya, da magungunan daidaita bugun zuciya irin su amiodarone, wani lokaci har da na'urar daidaita bugu da ake dasawa a ƙirji.