Tsohon inabin tsakar gida: abin da za ka saya don farfaɗo da shi

A gidaje da dama na cikin Bauchi akwai kurangar inabi da wani dattijo ya dasa shekaru aru-aru, ta haye katanga, ta cukurkuɗe, ganye har ba a ganin sama amma 'ya'ya sai ɗaiɗaiku masu tsami. Irinta na gada a gidanmu. Da na ce zan tuge ta in sayo sabon dashe, Baffa ya ce mini, "Ɗana, saiwar da ta shekara ashirin tana neman ruwa a ƙasar nan ba a sayenta a kasuwa." Shi ya sa zan fara da wannan zaɓin: a gyara tsohuwar ko a sayi sabon dashe.

Ka kankare ɓawon gindin da farce ko bakin wuƙa. Idan ka ga kore da danshi, tana da rai, kuma gyara ta ya fi sabon dashe, domin sabo sai ya ci shekara biyu zuwa uku kafin ya ba ka abin kirki, ita kuwa tsohuwa shekara guda ta gyara ta ishe ta. Abu biyu ne kawai za su sa in ce ka sayi sabo: gara ta cinye gindin ya zama holoƙo, ko kuma irin ne tun asali marar daɗi, wanda aka shuka daga ƙwallo. Inabin ƙwallo ba ya gadon uwarsa. In za ka saya, nemi yankan reshe mai ido uku ko huɗu, wato wuraren da toho ke fitowa, daga kurangar da ka ɗanɗana 'ya'yanta da bakinka. Manoman Kudan a jihar Kaduna sun yi suna a noman inabi, kuma a Gombe akwai Kwalejin Tarayya ta koyar da aikin lambu a Dadin Kowa inda za a iya neman shawara. Mai dashen bakin titi da zai nuna maka hoto a waya ya ce "marar ƙwallo ne", ni ban yarda a ba shi kuɗi ba sai an ga uwar.

Irin yana da muhimmanci saboda shi ke faɗa maka yadda za ka yi aski, wato rage rassa. Baƙin inabi mai ƙwallo irin Bangalore Blue yana da juriyar cuta, ruwansa da yawa, kuma yana fitar da fure daga idanun da ke kusa da gindin reshe, don haka ido uku ko huɗu ake bar masa. Thompson Seedless, koren nan marar ƙwallo da ake yin zabibi da shi, furensa can tsakiyar reshe yake, sai an bar masa ido goma ko fiye. Wanda ya yi masa gajeren aski ya yanke 'ya'yansa da hannunsa. Ga mai kuranga ɗaya ko biyu a gida da ke son ci da matsa ruwa, baƙin ya fi sauƙin reno nesa ba kusa ba.

Kuɗinka na farko ya tafi kan almakashi. Na san adda tana rataye a zaure, amma adda tana tsaga reshe, tsagar kuma ƙofa ce ga ruɓa. Almakashin lambu iri biyu ne. Akwai mai baki biyu da ke wuce juna kamar na tela, akwai mai baki ɗaya da ke sauka kan wani faffaɗan ƙarfe. Na biyun yana murƙushe ɗanyen reshe, na busasshen itace ne. Ɗauki na farkon, ka duba ko yana da noti da za a kwance a wasa bakin, ka matsa shi a hannu ka ji ko sifirin ɗinsa yana dawowa da kyau. Ka haɗa da ƙaramin zarto don manyan rassan da suka kai kaurin damtse.

Sai abin da za ta hau. Nan ne kuɗi ke tafiya, nan kuma na fi ganin mutane suna asara. Gora da dirkar itace suna da araha, amma a ƙasarmu gara ba ta barinsu, kuma ranar da za su karye ita ce ranar da kuranga ta yi nauyi da 'ya'ya. Azarar giginya tana da juriya in ka samu mai kyau. Bututun ƙarfe da aka kafa da siminti shi ne zaɓina. Sandar kankare ma tana daɗewa, sai dai nauyi da wahalar gyara in ta fashe. Waya kuwa, kada ka karɓi siririyar nan da magina ke ɗaure rodi da ita, damina ɗaya ta yi tsatsa. Nemi mai rufin hana tsatsa, kaurin milimita biyu da rabi zuwa uku. A tsakar gida rumfa mai tsayin kamar mita biyu ta fi jeren waya irin na gona, domin 'ya'yan suna rataye a inuwar ganye, zafin Maris ba ya ƙona su, iyali kuma sun sami wurin shimfiɗa tabarma.

Da kayan nan a hannu, ka zaɓi gangar jiki ɗaya mai lafiya ka kai ta saman rumfa, ka bar mata hannuwa biyu zuwa huɗu, sauran duk ka cire. Za ka ji ba daɗi ganin ta tsirara, amma inabi yana haihuwa ne a sabon tohon da ya fito daga reshen bara, ba daga tsohon itace ba. Tun da ba mu da sanyin da ke sa shi barci kamar a Turai, aski biyu ake yi a shekara: ɗaya bayan an gama tsinka, wajen Maris ko Afrilu, a bar ido ɗaya ko biyu don sababbin rassa, ɗaya kuma in ruwa ya ɗauke, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, shi ne na 'ya'ya. Daga nan wata huɗu zuwa biyar ka fara tsinka, cikin bushewar hunturu da farkon bazara.

Taki ba ya son dogon bayani. Ruɓaɓɓen kashin shanu a zagaye gindin, nesa kaɗan da jikinsa. Ɗanye yana kiran gara. Kashin kaji yana da zafi, a sa kaɗan. NPK 15-15-15 bayan aski ya yi, amma yuriya da yawa ganye kawai za ta tara maka. Abin da ya fi taki shi ne tabbacin ruwa daga Oktoba zuwa Fabrairu, a rage shi in 'ya'ya sun fara nuna don kada su fashe.

Maganin feshi shi ne na ƙarshe, ko da yake shi mai shago zai fara miƙo maka. Ka gane cutar tukuna. Ta damina tana yin ɗigon rawaya kamar mai a saman ganye da farar fumfuna a ƙasansa. Maganinta mancozeb, ko Ridomil Gold, ko masu sinadarin tagulla, waɗanda asalinsu haɗin da manoman yankin Bodo a Faransa suka fara fesawa a shekarun 1880. Ta rani kamar an barbaɗa toka take, ita kuma farar wuta ke kashe ta, amma a fesa da sassafe, don da rana tsaka tana ƙona ganye. Ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalin tsakanin feshi da tsinka, ka kiyaye su, yara ne za su ci. Tsuntsaye da jemagu ba su buƙatar guba. Tsohon gidan sauro ko jakar takarda a kan kowane nono ya wadatar.

Kada ka tsinka don launi ya yi kyau. Inabi ba ayaba ba ne, in ya bar jikin uwarsa zaƙinsa ya tsaya ke nan, don haka ka ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙasan nono. Idan ruwa za ka matsa, turmi mai tsabta da ƙyallen tata sun fi injin markaɗe, wanda ke fasa ƙwallo ya sa ɗaci. A zafin Bauchi ruwan yana fara kumfa cikin yini ɗaya ko biyu ya juya zuwa abin maye, saboda haka a sha shi a ranar, ko a tafasa shi kaɗan a ɗura a kwalbar da aka dafa a sa a firji. Abin da ya rage a shanya a kan raga. Kilo huɗu na ɗanye yana ba da kusan kilo ɗaya na zabibi.