Thames, Stour ko fadamar Ely: wace hanya ta cancanci takalminka?

Da zarar sanyi ya fara sakin jiki a Ingila, wajen watan Afrilu, sai ƙannenmu ɗalibai su fara turo min tambaya iri ɗaya: "Yaya, ina za mu je mu taka ƙasa, mu ga gona da kogi, ban da hawan dutse?" Ni ma gwiwata ba ta son tudu, don haka shekaruna a nan kusan duk a bakin kogi na ƙarar da su. Ga abin da na gani, kuma tun yanzu in faɗa muku ina da wadda na fi so.

Kafin zaɓe, a fahimci abu ɗaya. A ƙasar nan akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi, ko da sun ratsa tsakiyar gonar wani. Wanda ya san burtali a gida ya gane zancen, sai dai wannan burtalin na mutane ne, kuma manomi ba shi da ikon toshe shi. A Ingila da Wales tsawonsu gaba ɗaya ya kai mil 140,000. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke na nufin hanyar masu ƙafa ce zalla, shuɗiya kuma kuna tare da masu doki da masu keke. Ba a biyan ko sisi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Akwai biyu da na cire tun farko. Severn Way, mai bin kogin Severn, ta wuce kilomita 300, ta faro daga duwatsun Wales, kuma kogin ya yi ƙaurin suna wajen ambaliya a Tewkesbury, ba ta sabon shiga ba ce. Wherryman's Way daga Norwich zuwa Great Yarmouth ba laifi, amma jirage na 'yan hutu sun cika ruwan da rani. Na bar su nan.

Stour Valley Path ita ce ta masu ɗaukar hoto. Kusan kilomita 96 ce daga Newmarket zuwa Cattawade, amma yawancin mutane guntun ƙarshen kawai suke bi: a sauka tashar Manningtree, awa ɗaya daga Landan, a taka zuwa Flatford da Dedham. Yankin mai zanen nan John Constable ne, wanda aka haifa a East Bergholt a 1776, kuma gidan da ya zana a bakin ruwa yana nan har yau. Kyau kam akwai shi. Amma ranar Lahadi sai ka rantse kasuwa ce ke ci, ga karnuka kowa da nasa. In baƙi ka yi daga gida kana son su ga ƙauyen Turawa cikin awa uku, kai su nan, shi ke nan.

Thames Path ce kowa ke fara ambata, kuma tana da hujja. Babbar hanyar ƙafa ce mai bin kogin Thames da gwamnati ta buɗe a 1996, kusan kilomita 300 daga mafarin kogin kusa da Kemble har zuwa gabashin Landan, ta Oksfod da Reading da Henley da Windsor. Alamominta a tsare suke, da wuya ka ɓata. Ni dai ita ce ta koya min hankali. Wata Asabar cikin Fabrairu na kama hanya daga Lechlade, na wuce ƙofar ruwa ta St John, wato mashigar da ake ɗaga jiragen ruwa ko sauke su a kogin, inda aka ajiye gunkin wani tsoho a kishingiɗe wai shi ne uban kogin. Ban yi nisa ba na tarar makiyayar da hanyar ta ratsa ta zama tafki, turken alamar yana tsaye a tsakiyar ruwa kamar wanda ke jiran kwale-kwale. Na ce bari in kewaya ta gefen shinge. Taɓo ya kama ƙafata ta dama har idon sawu, da na fizgo sai takalmin ya fito, ƙasansa ya zauna a ciki. Na tsaya da safa a ruwa mai sanyin ƙanƙara, babu tasha, babu motar haya, waya sanda ɗaya. Tasin da ta zo ɗaukata ta ci kuɗin cefanen mako. Ashe daga Lechlade zuwa Oksfod shi ne ɓangaren da ya fi kowane nisa da jirgin ƙasa, kuma fadama ce ta gaske, da hunturu ruwa ke kwana a kanta.

Tun daga ranar awona biyu ne kacal: shin hanyar tana saman ruwa ko ƙasansa, kuma in abu ya ɓaci, nawa ne tsakanina da tashar jirgi?

Da wannan awon, babu kamar Fen Rivers Way. Kusan kilomita 80 ce daga Kambirij zuwa King's Lynn, tana bin kogin Cam har ya haɗu da Great Ouse, ta wuce ta Ely. Abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne mafi yawanta a kan tudun datsi take, wato ganuwar ƙasa da aka tayar don tsare kogin. Ɗan Kano ya tuna tafiya a kan badala: kai a sama, komai a ƙasa. Abin mamakin a nan shi ne kogin na hannu ɗaya, gonaki na ɗaya hannun, kuma a wurare da yawa ruwan ya fi gonar tudu. Dalili kuwa, yankin duk fadama ce da aka zuƙe. A ƙarni na 17 wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, ya haƙa manyan magudanai ya janye ruwan. Da baƙar ƙasar ta bushe sai ta riƙa motsewa tana nutsewa. A Holme, kusa da Peterborough, akwai wani turken ƙarfe da aka kafa wajen 1850 kansa daidai da ƙasa, yau ya fito sama kusan mita 4. Har yanzu injuna ne ke zuƙe ruwa daga gonakin suna ɗaga shi zuwa kogi.

Ga kuma jirgin ƙasa yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da hanyar: Kambirij, Waterbeach, Ely, Littleport, Downham Market, Watlington, King's Lynn. Kana iya yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace Asabar ka ci ɗaya. Sabon shiga ya fara da Kambirij zuwa Waterbeach, wajen kilomita 10, yana kallon ɗaliban jami'a na tseren kwale-kwale, mai horar da su a kan keke yana ta ihu. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari ya ɗora daga Waterbeach zuwa Ely, kusan ninki biyun wancan, kuma a nan ne daɗin yake. Ƙasa baƙa wuluk kamar an zuba gawayi, kunyoyin dankalin turawa da albasa a miƙe sambal har inda ido ya gaji, can tarakta ɗaya tana aiki, fararen tsuntsaye na bin bayanta. Sai ka hango babbar majami'ar Ely, wadda aka fara ginawa a 1083, tana tsaye a kan ɗan tudunta. Mutanen wurin na kiranta jirgin ruwan fadama. Za ka ce ga ta nan kusa, ka yi awa biyu kana tafiya ba ta matso ba. Wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Haɗeja da yamma ya san irin wannan faɗin sararin.

Aibinta: babu inuwa, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta, kuma wani lokaci shanu na kiwo a kan datsin. In ka ga saniya da ɗan maraƙi, ba ta wuri, kada ka ratsa tsakaninsu. Ƙauyukan ba su da wurin cin abinci sai mashaya, don haka ɗauki guzurinka da fulas ɗin shayi. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk a hanya za su same ka, sai ka tafi da alwala da 'yar darduma.

Yanzu zancen 'yan damfara, wanda shi ne ya fi ci min rai. Takalmin nan da ya rabu biyu a Lechlade a intanet na saye shi, fam 35, da tambarin wani babban kamfani da ɗan kati a rataye wai ruwa ba ya shiga. Jabu ne. Da na duba daga baya, gam ne kawai aka shafa, ɗinkin da ke gefe ma zane ne a jikin roba. Takalmin tafiya ka je shago ka sa shi a ƙafarka da safa mai kauri, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka lanƙwasa shi ka duba inda sama ta haɗu da ƙasa. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na shago, araha ba ta ado. Haka rigunan ruwa: juya cikin ka ga ko an manna tef a kan ɗinkin, in babu, ruwa zai bi ta nan.

Na biyu, masu sayar da abin da yake kyauta. Za ka ga talla a Facebook ko WhatsApp wai a biya kuɗin rajista ko na izinin shiga hanya kaza. Babu wani izini. Ɗan jagora na gaskiya kuɗin wahalarsa yake karɓa kuma zai faɗa maka haka. In abokan tafiya kake nema, ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta Ramblers tana nan tun 1935, tana da rassa ko'ina. Na uku, mai mota ya lura da na'urar biyan kuɗin fakin: ɓarayi na manna lambar QR ta bogi a kai, ka ɗauka da waya ta kai ka shafinsu, su kwashe bayanan katinka. Shafa da yatsa, in sitika ce aka ɗora a kan wata, biya ta wata hanya. Sai manhajojin taswira masu cewa gwaji kyauta na mako guda, ka manta, su zare kuɗin shekara. Ni taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswirar Birtaniya, nake saya, mai bango ruwan lemo, inda hanyoyin ƙafa suke da koren ɗigo. Ita ce kuma ke raba gardama in ka tarar da allo a bakin gona wai ba a shiga, alhali koren ɗigon ya ratsa ta wurin.

Daren da za ka fita, buɗe shafin gwamnati na gargaɗin ambaliya, kyauta ne, ka sa sunan garin. Sannan ka duba jadawalin jirgi, don ranar Lahadi sukan rufe layi su yi gyara, su sa bas a madadinsa. Ka jefa safa guda biyu a leda cikin jaka.